Mati da Allurar Motar Ƙungiya

Ni Mairo, shekarata talatin ina ungozomanci a ƙauyenmu, nan tsakanin Bagwai da Shanono, kuma ban taɓa ganin mutumin da aka raina wa hankali kamar Mati bakanike ba. Mati Jinkiri suke ce masa. Wai don in ka kai masa mota sai ya tsaya ya saurare ta, ya shinshina, ya leƙa ƙasa, kafin ya ɗau sifana. To wannan laifi ne, jama'a?

A Kano ya koyi aikin, shekara goma sha biyu. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya kama gonar gidansu, ya buɗe gareji a gindin darbejiyar bakin kasuwa. Da damina sai ya gama noma yake fitowa. Ba shi da surutu, ba ya rantsuwa, kuma ba ya cewa gyara ya yi sai ya yi.

Mota ɗaya gare mu a garin, ta ƙungiyar manoma, wadda aka ajiye don kai masu naƙuda da marasa lafiya asibitin Bagwai. Duk haihuwar da ta gagare ni, ita ce gatana. Mati ke kula da ita tun zuwanta.

Bara bayan girbi, direbanmu Dallatu ya lura allurar da ke nuna zafin inji ta fara rawa. Ta hau har kusa da ja, ta sauko, ta sake hawa. Ina wurin aka kai wa Mati, na je karɓar injin markaɗena. Ya bari motar ta huce tukun, sannan ya buɗe murfin lagireto, ya tsoma yatsa. Sai ga wani abu kamar kunu.

"Dallatu, garin kwaki ka zuba?"

Dallatu ya sosa ƙeya. Ya ce ya ga tana yoyo ne, kuma haka direbobi ke toshewa.

Mati ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da hannu har ya gano wani ƙarami can bayan inji da ya tsage. Ya yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ruwa ya ragu, iska ta shiga, garin ya toshe hanya. In ruwa ya taɓa ɗan ƙarfen da ke kai wa allura labari sai ta sauka, in tururi ya taɓa shi sai ta hau. Ya ce allurar lafiyarta ƙalau, motar ce ba lafiya. Kwana biyu yake so, ya cire lagireto ya wanke, ya canza tiyo da murfi, ya fitar da iskar.

Kwana biyun nan ne Alhaji Basiru, shugaban ƙungiya, ya ce bai san zancen ba. Washegari akwai ɗaurin aure a Shanono, kuma a motar yake son manyan ƙungiya su je. Motar masu naƙuda fa! Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ku hau babur mana." Ya ce, "Inna Mairo, ki tsaya a kan aikinki." Mati dai ya ce shi ba zai yi rabin gyara ba.

Sai Alhaji ya kira wani bakanike, Abdulrashid, daga Rijiyar Zaki, mai baƙin tabarau da baki kamar rediyo. Rabin awa ya yi. Ya cika ruwa, ya ɓalle gilashin da ke rufe allurar, ya yi ɗan taɓe-taɓe, ya mayar. Allura ta tsaya cak a tsakiya. Aka yi ta sa masa albarka, ana kallon Mati ana dariya.

Da yamma Mati ya leƙa motar ya dawo ya same ni a ƙofar gida, ransa a ɓace. "Inna, gam ya ɗiga wa allurar, ya cire wayar. Ko injin zai kama da wuta ba za ta motsa ba." Ya je ya faɗa wa Alhaji. Aka ce hassada ce. Aka karɓe motar daga hannunsa gaba ɗaya, aka gargaɗi Dallatu kada ya ƙara kai masa.

Kwana tara bayan nan, da rana tsaka, naƙuda ta kama Muhsina, matar Sha'aban mai shayi. Haihuwar fari ce, ɗan kuma ya zo a gicciye. Muka sa ta a mota. Muna tafe ina jin ƙauri, na ce, "Dallatu, wannan warin fa?" Ya nuna min allura ya ce, "Inna, ga ta nan a tsakiya." Ko rabin hanya ba mu yi ba tururi ya turnuƙe, injin ya yi wata ƙara ya mutu. Gonaki ne hagu da dama, an girbe, ba kowa.

Wa Dallatu ya buga wa waya? Mati Jinkiri. Shi ya zo a guje a kan babur, ya tsaya tsakiyar titi ya tare wata a-kori-kura mai albasa. A kan buhunan albasa muka kai Muhsina asibiti. Ta rayu, da ƙyar. Ɗan bai zo da rai ba.

A zaman gaisuwa Alhaji Basiru ya ce haka Allah ya ƙaddara. Na sani, ni ma Musulma ce. Amma wallahi na so in tambaye shi a gaban mutane, wa ya ɗiga gam ɗin? Har yau babu wanda ya je ya ce wa Mati ya yi haƙuri. Shi kuwa yana nan gindin darbejiyarsa, yana gyaran babura da injinan ban ruwa.

Yanzu a kan babur nake kai masu naƙuda, ina rungume da su ta baya. Motar tana ƙofar gidan Alhaji, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Jiya na wuce na leƙa ta taga. Allurar tana nan a tsakiya.