Babayo Pendlecott, Mai Takalma na Zhanxi Lu

An haifi Iliyasu a Bukuru a shekarar 1968, mahaifinsa Muhammad Sani, mahaifiyarsa Ummu Salma. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake ce masa Babayo.

Asalin Sunan

Kakan nasa, Ilu, kuku ne a gidan wani Baturen haƙar kuza mai suna Pendlecott, har aka riƙa kiransa Ilu na Pendlecott. Baturen ya koma Ingila bai bar ɗa ba, amma da aka kai Muhammad Sani makaranta sai malami ya haɗa masa da sunan. Haka zuri'ar kuku ta gaji sunan ubangida, ya bi su Jos da Kano da Maraɗi.

Karatu da Aure

Babayo ya yi firamare a Bukuru, inda yara suka addabe shi da kiran jikan Nasara. Tun daga nan ya daina faɗin sunan. A 1994 ya auri Zulaiha a Kano, ya kama sayar da takalma a Kasuwar Wambai.

Zaman Guangzhou

A 2006 ya koma Guangzhou, yana saro wa 'yan Kano kaya a Zhanxi Lu, titin 'yan takalma. Duk wanda suka ci tuwo tare, Babayo Mai Takalma ya sani, domin bai taɓa bari wani ya riƙe fasfonsa ba.

Rasuwa

A watan Maris na 2018 ya yanke jiki ya faɗi a Shiling, wani gari a gefen birnin, ya cika a wani asibiti. Abokansa suka bi asibitoci suna tambayar Babayo, ana ce musu babu. Sun ƙi kiran iyalinsa don kada su tayar musu da hankali kafin su tabbatar, alhali a can gawar da ba mai ita ƙonawa ake yi. Sai da Zulaiha ta gaji da jira ta kira Alhaji Maidaji, maƙwabcinsa a Guangzhou, ya faɗa mata irin neman da suke yi.

"Alhaji, ba Babayo za ku ce ba. Ku ce Iliyasu Pendlecott," in ji ta.

Aka same shi a ɗakin ajiye gawa bayan kusan wata biyu. An yi masa sutura, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta birnin, ba danginsa ko ɗaya a wurin.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Abdulhakeem, A'isha, Umar Faruƙ da Habsatu. Allah ya jiƙansa.