Saurayin Hadiza na cikin kwamfuta

'Yan uwa, yau na ga saurayin Hadizata, na yi dariya har da hawaye!

Tun da ta zo hutu take maƙale da kwamfuta. Wai manhajar rubutu ce ta kyauta, kowa na iya sa hannu ya gyara. In wuta ta ɗauke rubutu yakan ɓace, shi take gyarawa. Kullum "ya ce in sake", "ya ce ya yi kyau".

Da hantsi Malam, babanta, ya ji. Ya ce, "Wane ne shi? Ya turo magabatansa nan garinmu Agiye, ko in kulle kwamfutar nan a akwati!"

Ta ce, "Baba, mai duba gyaran ne. Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

"Au, ba ki ma san shi ba? Kira shi a bidiyo!"

Yarinyata ta danna kira, ni ina ta salati. Malam ya sa babbar riga, ya ɗaure fuska.

Aka ɗauka. Innalillahi! Tsohuwa ce tukuf a wata ƙasa, furfura fara fat, ga mage a cinya! Ta ce wai an karɓi gyaran Hadiza.

Malam ya rusuna, "Ina kwana, Iya?"

Ya raɗa wa Hadiza, "Tambaye ta, tana da haƙorin cin ƙuli-ƙuli in aika mata?"