Ba Madu Zarami, Wanda Ya Ƙi Sayar Mini da Mai Kauri

Kafin masu keke napep su cika bakin tashar Gashuwa da ke nan Nguru, Ba Madu Zarami ya riga ya share yashin ƙofar shagonsa, ya goge galan-galan ɗin baƙin mai ɗaya bayan ɗaya, ya zauna kan benci da tabarau a karan hanci. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana sayar da man inji a wurin nan. In ka tsaya da mota, bayan gaisuwa littafinta yake nema, ya duba lambar man da waɗanda suka ƙera ta suka rubuta. In yana da shi ya ba ka, in babu ya ce babu. 'Yan tasha suna ce masa mai iyayi, har yau akwai waɗanda ba sa gaishe shi. To ni Zulaihat, shugabar mata masu bandar kifi, yau zan yi magana, wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

Mu arba'in da ɗaya ne a ƙungiyarmu. Shekara biyar muna shan hayaƙi muna tari kafin muka sayi sabuwar a-kori-kura a wani kamfani a Kano, don mu huta da wulaƙancin motocin haya. Suka ba mu garanti na shekara uku: in inji ya samu matsala su za su gyara, amma da sharaɗin kada a zuba mata wani mai in ba 5W-30 ba, wanda ke rubuce a littafin. A cikinmu akwai zawarawa, akwai wadda ta sayar da tunkiyarta ɗaya tilo ta saka a ciki. In injin nan ya mutu garanti ya tashi, wallahi ba mu da ta biyu.

A wata na huɗu da sayenta, ranar kasuwar Gashuwa, mun gama lodin kwalayen kifi sai direbanmu Ridwanu ya ce fitilar mai ta kama. Ya zaro sandar awo, mai ya yi ƙasa sosai. Nan da nan Alhaji Babagana, shugaban tasha, ya iso da jama'arsa, ya murza man a yatsa ya yi tsaki.

"Hajiya, wannan ai ruwa ne," in ji shi. "Na ƙasar sanyi ne. Zafin Nguru sai mai kauri. Shi ya sa take shanye shi. A juye shi duka a zuba 20W-50, yanzu ku kama hanya."

Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, don tun tasowarmu abin da muke ji ke nan. Na taka shagon Ba Madu tare da Ridwanu na ce ya ba ni galan na mai kauri. Ya karɓi littafin daga hannun Ridwanu, ya karanta, ya miƙa masa.

"Hajiya Zulai, nata ya ƙare mini, sai jibi zai iso daga Kano. Mai kauri kuwa ga shi nan cike da shago, amma ba zan sayar miki ba."

"Ba Madu, kuɗinka ne ko nawa?"

"Naki ne. Amma motar ta mutum arba'in da ɗaya ce."

Kai jama'a, ranar bakina bai bar komai ba. Na ce masa tsoho mai taurin kai, na ce baƙin ciki yake da mu don mata sun yi mota. A gaban 'yan tasha na faɗa, suna ta shewa. Alhaji Babagana ya aika aka kawo galan daga wani shago, har an ɗauko mazurari.

Abin da ya biyo baya da idona na gani. Dattijon nan ya taso ya zo ya dafa murfin injin da hannu biyu, ya ce duk mai son zuba man nan sai dai ya fara ture shi. Alhaji ya ce masa, "Madu, a tashata kake fa." Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. In kamfani ya ƙi motar nan gobe, kai za ka saya musu inji?" Sai ya zaro makullin tsohuwar motarsa daga aljihu ya jefa wa Ridwanu, ya ce a kwashe kifin a kai kasuwa, sawu biyu in ta kama. Sawu biyun aka yi, muka isa kasuwa ta fara watsewa, muka sayar da araha. Na yi kwana biyu ba na ko kallon shagonsa.

Da man ya iso ya ƙara mata da hannunsa, ya ce wa Ridwanu ya wuce da ita kamfanin a Kano kai tsaye, don sabuwar mota ba ta shan mai haka kawai. Ni na raka shi. Ka san abin da suka fara yi? Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba suka tsiyayi man a kwalba suka shiga da shi ciki. Injiniyan ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa yawancin motocin da ke zuwa daga wajenmu a nan garantinsu yake mutuwa. Na zauna kan kujera ina tuna fuskokin matan nan ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana uku suka kira: man daidai ne, matsalar daga ƙira take, za su sa sabon inji. Kuka na yi a waya, ban ji kunya ba.

Shi kuma me ya samu? Alhaji Babagana ya hana motocin tasha sayen mai a wurinsa. Shekara biyu ke nan. Rabin cinikinsa ya tafi, bai je ya ba kowa haƙuri ba, bai kuma canza hali ba.

Ba Madu, kai ne ka ga ciniki a hannu ka mayar da shi. Kai ne ka tsaya wa matan da suke zaginka, ka kuma ba su motarka. Tsayayye, ɗan Zarami! Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma masu murza mai a yatsa kuna yanke wa motar mutane hukunci, ku buɗe littafin ku karanta, in ba ku iya ba ku tambaya. Masu shago, ku koyi cewa babu in babu ne. Masu ƙin gaishe shi, ku ci gaba, mu mata arba'in da ɗaya mun ishe shi gaisuwa.

Saura nawa laifin. Ba Madu, a tsakiyar tasha na ce kana mana baƙin ciki, da ƙarfi na faɗa kowa ya ji. To da ƙarfi nake janyewa: ƙarya na yi maka. Ka yafe mini, Baba.