Na Wanke Aikin Malam da Toka

Ɗiyata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa mata. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta rage mini laifina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin wuta a wata masaƙa a Gusau har aikin ya tsaya. Da muka koma gida Furfuri sai ya kama noma, amma hannunsa bai rabu da waya ba. Yana da wani tsohon akwati a zaure cike da matattun rediyoyi da tocila. Ba sana'a ya ɗauke ta ba, sha'awa ce kawai. In ya dawo gona ya yi azahar, sai ya baje tarkacensa a tabarma, ya cusa ƙarfen dalmarsa cikin garwashin da na sauke tukunya. Shekara da shekaru muna faɗa a kan garwashin nan.

Wata ranar kasuwar Tsafe ya dawo da wani ɗan abu kamar kwalin ashana, irin wanda ake sa wa memori a saurari karatu. Ya ce ni ya sayo wa. Ya san surorin da nake salla da su ba su wuce biyar ba, ya kuma san ina jin nauyin zama a makarantar matan aure da furfura a kaina, ina tuntuɓe a gaban sa'o'in ɗiyata. Na karɓa na jujjuya. Madannansa ƙanana kamar ƙwayar dawa, ga rubutu a ɗan gilashi, kuma sai an yi masa caji, mu kuwa wuta sai ta ga dama. Kwana biyu na mayar masa.

Na ce, "Malam, karɓi abinka. Wanga na masu ido ne."

Ya ce, "To ke makauniya ce, Hajiya?" Haka yake kirana, ko da yake ban je hajji ba, har yau ma ban je ba.

"A wajen rubutu ai makauniya ce."

"To bari in yi masa tiyata."

Tiyatar nan ta ci rani guda. Ya farke abin, ya ciro ɗan faifan da ke cikinsa, wanda masu gyara ke kira fanel. Ya ce zai yi masa wani na biyu da hannunsa, wanda zai sa ya ci batirin tocila, ya kuma ji manyan madannai. Ya sayo wani falle mai fuskar jan ƙarfe a Gusau, ya yanka shi bai kai tafin hannu ba. Ya zana masa layuka da jan farce, ya tsoma shi a wani ruwa mai wari. Ruwan ya cinye jan ƙarfen duka, ya bar inda ya zana kaɗai, siri-siri kamar hanyar tururuwa. Kwanona mai kyau ya ɗauka ya yi wannan aiki, bai tambaye ni ba. Gwajin farko ya lalace a ruwan. Na biyu ya yi hayaƙi muna zaune, ya ƙona masa yatsa, na yi dariya har ya yi fushi ya ƙi cin tuwo. Na ukun ne ya yi.

Ya zuba komai cikin gidan sabulu na roba, ya huhhuda masa wurin fitar murya. A sama ya manna murfin kwalba, in na murɗa sai ya kunnu, in na ƙara murɗawa ya ƙara ƙarfi. Gefe guda ƙwayar carbi, ita ke kai ni gaba. Ɗaya gefen maɓallin tsohuwar rigarsa, shi ke dawo da ni baya. Ko ban duba ba yatsana ya san kowanne.

Muryarsa ce a ciki. Da wayar ɗiyata ya ɗauka, ita ta juye masa a memori. Sai ya karanta aya, ya yi shiru daidai yadda zan maimaita, sannan ya ci gaba. Wani wurin sai ka ji ya ce, "Ba haka ba, Hajiya, sake," alhali ba ya jina, ya dai san inda zan kuskure. Akwai inda ya tsaya ya kori akuya. Akwai inda ya saki karatun yana tsokanata da maganganun da ba na kunnen kowa ba ne. Ina sussuka ina ji, ina tankaɗe ina ji. Aya guda sai in dawo da ita sau ashirin, babu wanda zai gaji da ni.

Batir kuwa shi ke canzawa. Ban taɓa tambayarsa yadda ake yi ba, shi ma bai nuna mini ba.

Farkon damina ya kwanta, bai yi mako ba ya rasu. Na shiga takaba. Kwana arba'in ban iya taɓa gidan sabulun nan ba, yana kan taga inda feshin ruwa ke shigowa. Ranar da zuciyata ta yarda na murɗa murfin kwalbar. Shiru. Na sake murɗawa. Na zauna na yi kuka kamar ranar aka fita da shi.

Mai takaba ba ta yawon kasuwa. Ɗiyata tana koyarwa a Gusau, hanya kuma ba daɗi, sai ta yi wata ba ta zo ba. Ƙannensa suna nan, amma yaya zan miƙa musu abin da in ya tashi za su ji yayansu yana wasa da matarsa? Sai na ɗauki bakin wuƙa na kwance shi da kaina.

Batiran sun kumbura sun yi ruwa. Wani abu fari-fari da kore ya hau kan layukan Malam. Da na gani sai hankalina ya kwanta, don na san wannan ciwon. Haka tasar jan ƙarfen da na gada wurin innata take yi in ta ga damina, kuma tun ina yarinya na san maganinta. Na jiƙa tsamiya, na ɗebo toka mai laushi, na sa soso na dirje shi ciki da bai. Na ɗauraye da ruwa mai kyau, na shanya a kan zana. Har ina jin daɗi a raina, ina cewa da Malam na nan da ya ga ni ma na iya. Da ya bushe na ɗauko, sai na ga fallen ya yi fes, layukan kuwa rabinsu babu.

Ban gaya wa kowa ba har na fita takaba. Ɗiyata ta zo ta ɗauke ni na dawo wurinta, washegari ta kai ni wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya sa gilashi a ido ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Inna, wa ya yi wanga aiki?"

"Mai shi ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Wanga hannu ne, ba kamfani ba. To wa ya goge shi haka?"

Na ce ni ce. Na faɗa masa da abin da na goge. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan. Ya tambaya ko Malam ya bar takardar zanen. Ya bari, a cikin akwatin nan na zaure. Amma a rabon gado akwatin ya faɗa wa ƙanensa, shi kuma ya ga tarkace ne ya ba 'yan gwangwan.

Memorin dai bai mutu ba. Dattijon ya ciro shi, ya riƙe sauran kayan har wata guda yana gwada ya gano inda layukan suka bi. Ya dawo mana da shi, ya ce ya samu ya kawo wuta, amma ruwan ya taɓa fanel ɗin ciki, ba zai ƙara magana ba. Ɗiyata ta ce akwai wani gwani a Kano. Na ce a'a. Na gaji da ganin baƙin hannu suna buɗe shi.

Ta saya mini rediyo mai cin memori. Madannansa sun fi goma, duk iri ɗaya. In na danna don in koma baya sai in faɗa gidan rediyo ana labarai, daga nan ban san hanyar dawowa ba. Yanzu in za ta tafi aiki sai ta kunna mini ta ajiye, ni kuma ba na taɓawa. Malam ya yi ta karatu, in na kuskure ya wuce ya bar ni. In ta dawo a gajiye ba na iya ce mata ta zauna tana danna mini.

Surori goma sha ɗaya na samu a hannunsa, da su nake salla. Ta goma sha biyun na tsaya a rabinta, kuma ba na jin zan ƙarasa ta.