Gudummawar Adda a Gidan Suna

Har yau idan na ji maroƙiya ta ɗaga murya a gidan suna tana faɗin abin da wance ta kawo, raina ɓaci yake yi, in fara neman takalmana. Jikokina sun ce tsufa ne. Su yi ta faɗi.

'Yan shekaru kafin Turawa su tafi, ina amarya a Gwandu. Yayata, wadda muke kira Adda, tana aure a Kalgo. Daddawa take yi tana sayarwa, mijinta kuma manomi ne, in an gama aikin gona ya shiga kamun kifi. Mutum ne mai kunya da zuciya, ya gwammace ya kwana da yunwa da ya roƙi wani. Shekarar nan gero bai yi ba. Da haraji ya zo, ya tambayi Adda ko tana da wani abu a ajiye, ta ce ba ta da ko sisi, kuma gaskiya ta faɗa. Ya ja jakinsa kasuwa ya sayar.

A unguwarmu akwai wani malamin ofis, ta hannunsa kuɗin jama'a ke bi kafin a kai su ma'aji. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma ga sabon keke, ga ɗaki ana shirin rufa masa kwano. Matarsa 'yar'uwar mahaifinmu ce ta nesa, Gwaggo muke ce mata. Da ta haihu, Adda ta zo suna, ta sauka a wurina.

Ana gobe suna Gwaggo ta aika a kira Adda, na raka ta. Ta ja mu ƙuryar ɗaki, ta kwance bakin zane, ta zaro fam uku. Ni dai ban taɓa ganin kuɗi haka a hannun mace ba.

"Ɗiyata," in ji ta, "gobe in mata sunka taru, ki miƙo min wanga a ce ke kinka kawo. Dangin malam na kallo, kar su ce ba ni da kowa. Ki ruhwa min asiri."

A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Mace takan ara wa 'yar'uwarta zane ko kwano don kada a yi mata dariya a taro. Abin da Adda ta ɗauka ke nan, har tana jin daɗi an zaɓe ta. Gwaggo ta nuna gafakar malam da ke rataye, da Alƙur'ani a ciki, ta sa Adda ta dafa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Ni kuwa ko kallo ban ishe ta ba, yarinya ta ɗauke ni. Ladan Adda ɗankwali ɗaya da goro.

Washegari tsakar gida ta cika. Maroƙiya ta ɗaga kuɗin sama ta ce mai daddawa ta Kalgo ta kawo fam uku, aka rangaɗa guɗa. Can sai na ji an kira wata mai fura daga Masama, wadda na san zanen jikinta ma aro ne, ita ma da fam. Aka kira wata tsohuwa daga Malisa, haka. Na ga abin da mamaki, amma ban gane kansa ba tukuna.

Sai da aka turo mai binciken kuɗi ofishin na gane. An tambayi malam inda ya samu abin keke da kwano, ya ce a tambayi gari, matarsa ce aka yi wa gudummawa ranar suna. Gari kuwa ya shaida, tun da kowa ya ji da kunnensa. Kuɗin da ya sata ya raba wa matan talakawa, suka mayar masa a gaban jama'a da guɗa. Mai bincike ya hau motarsa ya tafi.

Labarin fam uku kuwa ya riga Adda isa Kalgo. A kasuwa ana nuna mijinta da baki, wai ga wanda ya sayar da jaki matarsa na rabon fam a Gwandu. Uwarsa ta ce mai daddawa ba ta tara fam uku, sai dai in wani namiji ke ba ta. Ya tambayi Adda, ta ce ta yi rantsuwa. Ya sake tambaya, ta sa kuka. Ya ce ta tafi gida sai ranar da bakinta ya buɗe.

Wurina ta zo. Na yafa mayafi na nufi gidan Gwaggo. Na ce auren Adda na shirin mutuwa, ta aika wa mijin da kalma ɗaya kawai.

"Wane kuɗɗi?" ta ce, tana ba jaririnta nono. "Addarki ta yi min kara, duniya ta shaida. Mi kika so in ce?"

Ido cikin ido ta faɗa mini haka, a ɗakin da na ga ta kwance zanen. Wallahi ba don jaririn da ke cinyarta ba, da an ji kanmu a unguwa.

Ni ban dafa Alƙur'ani na rantse ba, saboda haka na tafi Kalgo. Tsakanina da mijin Adda da wasa, amma ranar nan ba wanda ya yi dariya. Na faɗa masa komai. Ya ce ya yarda, dama zuciyarsa ba ta taɓa kama zancen namiji ba. Ya saka rigarsa ta Juma'a ya taho Gwandu. Ba kuɗi ya je nema wurin malam ba. So yake a faɗi gaskiya gaban dattijo ɗaya daga Kalgo, don uwarsa ta ji.

Malam ya tarbe shi a zaure da tabarma da goro. Mijin Adda ne ya ba ni labarin bayan ya fito. Wai malam ya ce masa, cikin lallashi: "In zancen ga gaskiya na, to matarka ta taimaka anka ɓoye kuɗɗin hukuma. Ita za a hwara kai gaban alƙali, ita da tad dahwa Littafi. Haka kaka so?"

Ku ji fa. Ɓarawo yana zaune a kan tabarmarsa yana yi wa mai gaskiya nasiha. Mijin Adda bai san doka ba, ni ma ban sani ba, kuma ba mu da wanda za mu tambaya da ba abokin malam ba ne. Ya ji tsoron a ɗaure ta, ya bar zancen.

Ya mayar da ita ɗakinta, amma bai iya gaya wa kowa dalili ba. Uwarsa ta daina cin abincin Adda. Ƙannensa suka daina gaishe ta. Mata suka koma sayen daddawa wurin wata. Shi kuma ana ce masa mijin da ya sani ya haɗiye. Kafin damina ta faɗi uwarsa ta ce ya zaɓa, ko ita ko Adda. Ya sake ta yana hawaye, yana sane ba ta yi komai ba.

Ni na je ɗauko ta. Muna tafe da kayanta a ka, ina ta zagin Gwaggo da mijinta, ina ja musu Allah ya isa. Sai da muka fita gari ta tsaya, ta kama hannuna.

"Ke kinka hwaɗa mishi, ko? Ba ni ba?"

Na ce ni ce.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ban karya rantsuwa ba."

Ta gyara kayanta, muka ci gaba da tafiya.