Muryar da Tsohuwa Ta Ajiye

Shekarun baya, farkon kama aikina a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, ina da wani ciwo da ban taɓa faɗa wa kowa a ofis ba: so nake in zama mai haɗa waƙa. Da rana ina jan fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ina ta “ranka ya daɗe”, amma a raina wallahi kiɗa nake ji. Da na tara abin da na tara, sai na tafi Utako na sayo rikoda ta gwanjo, irin ta gidan rediyo ta da, mai faifai biyu, zare na tashi daga wannan yana naɗewa a wancan. Na haɗa da makirufo uku da lasifika biyu, na manna kiret ɗin ƙwai a bangon ɗakin baya, na ce ai na buɗe situdiyo. Matata tana ganin rikodar ta raɗa mata suna Tsohuwa, sunan kuwa ya bi ta.

Manyan mawaƙan da nake mafarki ko ɗaya bai zo ba. Waɗanda suka zo su ne masu tallan maganin basir, da 'yan Islamiyya masu shirin walimar sauka, sai zumuntar mata ta wani coci a Karmo. Su ne ba na mantawa. Wata Asabar suka iso su goma sha wani abu, da ankon atamfa, da tulun kiɗa da ganga, suka cika ɗakin har ba wurin sa ƙafa. Shugabarsu wata doguwar mata ce mai sayar da doya, kowa Mama yake ce mata, ni ma na bi sahu. Da ta buɗe baki, na manta ban danna maɓalli ba, sai da aka sake daga farko. Murya ce mai kauri da sanyi, irin wadda in ta shiga kunne sai ka tuna da gida ko da kana cikin gidan.

A cikin waƙoƙin akwai ta rakiyar amarya, wadda ita da kanta ta tsara. Ta zo da 'yarta ƙarama, an zaunar da ita a bakin ƙofa an ce kada ta yi ko tari. Ana tsakiyar waƙar, wajen da tulu ya yi shiru muryar Mama ta tsaya ita kaɗai, sai yarinyar ta ce, “Mama, an gama?” Na dafe kai, na ce a sake. Mama ta yi dariya ta ce, “Malam, bar shi haka. Ai waƙarta ce, ranar aurenta zan yi mata.” Na kwafa musu a ƙananan kaset suka tafi, babban faifan kuma na rubuta masa suna na jefa a kwali.

Daga nan zamani ya wuce ni ina kallo. Garin ya yi ta tsiro da benaye, yara suka fara haɗa waƙa da kwamfuta a kan katifa, ni kuma aka yi ta ƙara min girma a ofis, tumbi na biye. Tsohuwa ta yi shekaru a ƙarƙashin wani tsohon zani. Wani lokaci da la'asar nakan shiga in ɗaga zanin, in juya faifan da yatsa, in ji ƙamshin nan na ƙarfe da tsohon mai, in ga kaina a wata rayuwar da ban yi ba. Sai a kira sallah in sauke zanin.

Da muka tashi komawa sabon gida a hanyar Bwari, matata ta ce, “Maigida, mu za ka ɗauka ko Tsohuwa? Motar kaya ɗaya ce fa.” Gaskiyarta ce, ban yi musu ba. Na kira wani dillalin kayan sauti na Utako, muka daidaita ta waya, ya ce ranar Asabar zai zo da a-kori-kura.

Ranar Laraba na dawo daga aiki na tarar da baƙi a falo, wata budurwa da wata dattijuwa mai gyale naɗe a wuya. Sai da ta yi murmushi na gane Mama ce. Na gaishe ta da murna, ta amsa, amma ban ji komai ba. Sai da na sunkuya kusa da ita na ji iska-iska, kamar mai raɗa. Budurwar ce ta yi min bayani: maƙoƙo ne ya fito wa mahaifiyarta, aka yi tiyata, aka samu lafiya, amma murya ba ta dawo ba, shekara shida ke nan. Kaset ɗin da na ba su kuwa, wasu rediyo ta cinye, sauran sun ɓace a tashin gida.

“Kawu, ni ce wadda ta ɓata maka waƙa,” in ji ta tana dariya. “Saura mako biyu aurena. Tun da aka sa rana Mama ba ta barci, wai ta yi min alkawari.”

Mama ta kama hannuna ta ja ni kusa, ta ce, “Malam, muryata tana wurinka?”

Na shiga ɗakin baya na yi ta tonon kwalaye, Allah Ya taimake ni na samo faifan, da rubutuna na samartaka a jiki. To a nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Tsohuwa tana nan a gabana, amma ko kallonta ban yi ba. Na ce abin da ya yi shekaru ba a kunna ba, kada ya tsinke zaren mutane. Kuma, in faɗi gaskiya, so nake in burge. Akwai abokina mai katafaren situdiyo a cikin gari, da na'urar sanyaya ɗaki da kujerun fata, yana da irin wannan rikoda sabuwa fil don juya tsofaffin faifai. Na ce musu gobe mu haɗu a can, za su ji aiki.

Muka ji aiki kuwa. Abokina ya ɗora faifan ya danna, sai ga wata siririyar murya tana gudu kamar an biyo ta, tulu na bugawa kamar ana dakan gaggawa. Muryar yarinyar nan da ta fito, kamar kukan ɗan tsako. Wani ma'aikacinsa ya fashe da dariya, ya ga fuskar Mama ya haɗiye. Abokina ya ce a kwantar da hankali, ya zuba waƙar a kwamfuta ya dinga rage gudun, yana juyowa yana kallonta. Ya rage, ta girgiza kai. Ya ƙara ragewa, ta girgiza kai. Har ya kai inda ni kaina na ce ai shi ke nan, ta yi. Mama ta saurara har ƙarshe, ta jawo 'yarta ta yi mata raɗa.

“Ta ce an yi kusa,” in ji budurwar, idonta a ƙasa. “Amma wai ba ita ba ce.”

Abokina ya ce wataƙila zaren ne ya tsufa. Muka yi sallama muka fito. A bakin titi Mama ta ce in ba ta faifan ko ba ya aiki, ta ajiye a akwati. Ashe garin sauri mun baro shi a ciki, kuma an riga an rufe ƙofa an shiga wani aiki. Na ce su zo gida ranar Asabar su karɓa. Ban taɓa jin na kasa mutum irin na ranar nan ba.

Asabar da hantsi dillali ya iso, wani kakkauran mutum mai yawan zufa, Hausarsa ta kasuwa. Bai gama shan ruwa ba sai ga Mama da 'yarta. Na miƙa musu faifan da na karɓo daga wurin abokina a leda, na ce su ɗan zauna a ɗakin baya, tunda falo ya cika da kaya, in sallami baƙo. Dillalin ya yaye zanin, ya hure ƙura, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can.

“Oga, ba na sayen kaya sai na ji kukansa. Kawo faifai mu gwada.”

Duk sauran faifai an ɗaure su a kwali an kai falo. Wanda ke kusa shi ne na hannun Mama. Na dube ta, ita kuwa ta miƙo, alamar me ya rage. Na ɗora, na zira zaren, hannuna bai manta hanya ba. Na jona wuta. Tsohuwa ta yi wani gurnani, fitilunta biyu suka kawo ja-ja, faifan ya fara juyawa a hankali, ba ya sauri ko kaɗan.

Tulu ya fara, dum, dum, a natse. Sai muryar ta shigo.

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku ba. Ɗakin nan da aka kwashe komai, bango duk tabon kiret ɗin ƙwai, sai na ga ya sake cika da mata masu anko, har zafin ranar na ji a wuyana. Hasken taga na sauka a kan faifan yana zagayawa da shi. Mama ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ta ɗora hannu a kan gyalen wuyanta, leɓɓanta na bin waƙar kalma bayan kalma. Matata ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Da aka zo wajen da tulu ya yi shiru, wata 'yar murya ta ce, “Mama, an gama?” Amaryar ta durƙushe a wurin tana kuka tana dariya.

Dillali ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya leƙa bayan rikodar ya karanta wani ƙarfe da ke manne, ya ce, “Oga, wannan inji don wutar wata ƙasa aka yi shi. A wutarmu a hankali yake tafiya. Haka ya ɗauka, haka zai mayar. Ka kai faifansa wani inji, sai ya yi gudu.” Wato duk shekarun nan Tsohuwa da nawarta take aiki, ni mai situdiyo ban sani ba, tunda a kanta nake ɗauka, a kanta nake saurare. Ya share zufa ya ce, “To, a ɗauka?”

Na buɗe baki, amma matata ta riga ni. “Malam, ka yi haƙuri, mun ɓata maka lokaci. Ba ta sayarwa ba ce.” Ta juyo ta harare ni, kamar ni na kawo shawarar tun farko. Kujerun falo biyu muka bar wa maƙwabta don Tsohuwa ta samu wuri a mota.

Mun juye waƙar daga bakin Tsohuwa zuwa kwamfuta, ta fito daidai, amma Mama ta ce a'a, ranar biki Tsohuwa ita kanta za a kawo. Haka na saɓa ta a bayan mota har Karmo, aka ɗora ta a kan tebur a gaban rumfa, aka yafa mata leshi kamar uwar amarya ta biyu. Mama ta tsaya kusa da ita ta riƙe hannun 'yarta, tsofaffin 'yan zumunta suna amshi. Da 'yar muryar nan ta yi tambayarta, duk rumfar aka kwashe da dariya, Mama kuma ta dubi amarya ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Ban zama mai haɗa waƙa ba, kuma na daina jin ciwon abin. Na daɗe ina ganin ɗakin bayan nan asarar ƙuruciya ce, ashe ajiya aka ba ni ban sani ba. Akwai kwali uku na faifai a gidana, muryoyin mutanen da ban san inda rayuwa ta kai su ba, kuma babu mai iya mayar da su daidai sai wannan inji mai nawa. Shi ya sa duk wanda ya ce in sayar, sai in ce ba tawa ba ce ni kaɗai.

Kafin Mama ta koma garinsu da zama, takan zo lokaci-lokaci, da doya biyu a buhu, tun daga Karmo har hanyar Bwari. Zuwanta na farko na ɗauka wata matsala ce, na sunkuya na ce, “Mama, lafiya dai?” Ta nuna ɗakin da Tsohuwa take, ta ja kunnena kusa da bakinta.

“Lafiya lau, Malam. Na zo in gaida kaina ne.”