Gidan da Baba Idi Bai Taɓa Gani Ba

Har gobe ban manta da wata safiya a shekarar korona ba, lokacin ina tura keken marasa ƙarfi a filin jirgin Hamad da ke Doha. Ku sababbin zuwa kun san tsarin: ka ɗauki fasinja daga wurin awon kaya, ka bi da shi ta wurin jami'an shige da fice, ka miƙa shi a ƙofar jirgi. A lokacin an ƙara mana takunkumi da safar hannu, kuma an hana musabaha.

Shugaban sashenmu ya nuna mini wani tsoho, ya ce, "Sani, naka ne, Najeriya zai je. Yalla, yi maza."

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da Hausa irin ta kakanninmu. Sunansa Baba Idi. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Baba, gida za a leƙa ke nan?"

Ya ce, "Ɗana, a nan Doha, unguwar Farij Abdul Aziz na girma. Ban taɓa ganin Katsina ba."

Muna cikin layi ya ba ni labari. Mahaifinsa da ƙafa ya je Hajji, neman abinci ya gangaro da shi Doha tun ana nitso neman lu'ulu'u. Da aka fara dokar zama ɗan ƙasa, sai aka ce tsofaffin mazauna su kawo shaidu. Maƙwabtansa Larabawa suka zo har gida za su tsaya masa, ya ƙi. Wai shi baƙo ne, bayan Babbar Sallah zai koma, kuma abin kunya ne a ji a Katsina ya sake ƙasa. Kun dai san halinmu, kowa a nan baɗi zai koma. Sallah ta yi ta zuwa tana wucewa har aka binne shi a nan.

Haka Baba Idi ya rayu da takardar zama a ƙarƙashin kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo. Korona ta rufe shagon da yake tsaro, ga tsufa, babu mai sabunta masa takarda, dole ya bar ƙasar.

"Ba tafiyar ke damuna ba," in ji shi. "Matata Hajara tana maƙabartar Misaimir. Na yi mata alkawari ƙasa ɗaya za ta rufe mu."

Jami'in shige da fice ya yi masa tambaya, ya amsa da Larabcin garin. Jami'in ya ɗago kai ya ce, "Haka kakana ke magana." Sannan ya buga hatimi, don aikinsa ke nan.

A ƙofar jirgi Baba Idi ya ce, "In ka samu hutun Juma'a, ka kai mata sallama." Ya karɓi lambar wayata, sannan ya miƙo hannu. Na cire safar na kama. Shugabanmu ya gani, ya kau da kai.

Ana tsakiyar gasar kofin duniya, filin jirgi maƙil da baƙi, wani daga danginsa ya kira ni daga Katsina ya ce Baba ya rasu. Ranar Juma'a na je Misaimir na yi wa Iya Hajara addu'a, na yi kuka sosai.

Tun daga nan ban ƙara tambayar fasinja ko gida za shi ba, ku ma ku kiyaye, don ba kowa fasfonsa ke kaiwa gida ba. Ran nan ina fitowa daga maƙabartar, sai matata ta kira daga gida tana tambayar yaushe zan dawo. Na buɗe baki zan ce baɗi, na kasa.